Idon Dada na Dama

Tafoki, 4 ga Yuli, 1971

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin masaƙa a Kaduna. Na ga takardarka ta ta'aziyya. Allah ya saka. Amai da gudawar nan kwana ɗaya tak ta ba Malam, maigidana.

Yaya, damuwata yanzu Dada ce, mahaifiyarsa. Ka san gashin idonta ya juya ciki yana kartar ƙwayar. Malam ne ke cire mata shi da hantsaki duk bayan kwana uku. An sa mata ranar gyaran fatar ido a asibiti, sai aka aiko cewa ɗakin ido ya koma na masu kwalara, malaman asibitin kuma an rarraba su ƙauyuka. Na karɓi hantsakin, amma ban iya kamar shi ba. Gashin yakan karye a rabi, guntun kuwa ya fi dogon kaifi. Ka tambaya mana ko akwai inda ake aikin a wajenku.

Ƙanwarka,
Lauratu

Tafoki, 25 ga Yuli

Yaya, ina gaisuwa, ina fatan jikin matarka Mero ya yi sauƙi.

Na ji amsarka, can ma a rufe. Idon Dada na hagu ya tafi, ya yi fari fat. Na dama ne ya rage, shi ma ruwa yake zubarwa yini guda. Baba Labaran, ƙanin mahaifin Malam, ya yi magana da wani wanzami zai zo ran Juma'a ya yanka fatar da aska. Wanzamin nan ne ya yi wa wata mata a Ketare, yau idonta ba ya rufuwa ko tana barci.

Wani direba ya ce mini malamin idon yana Sabuwa, a rumfunan masu kwalara. Ina cikin takaba, maza kuma duk sun ƙi zuwa wurin. Ban ga laifinsu ba. Liman ya ce lalura ta halatta mini fita. Laraba za mu bi motar masu aikin hanya. Idan wani abu ya same ni, ka ɗauki 'yata Barakatu.

Lauratu

Tafoki, 8 ga Agusta

Yaya, bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida,

Mun je. Mutane kwance a tabarmi har gindin itace, warin nan da na sani. Malamin ya yi mini faɗa sosai don na kawo tsohuwa wurin, ya ce ba shi da lokaci. Na zauna ƙofar rumfarsa ban tashi ba. Washegari da hantsi ya tafasa kayansa, ya yi aikin a bayan mota, ni na riƙe mata kai. Kwana biyu ba mu sha ruwan da ban tafasa da hannuna ba.

Yau kwana goma, cikin kowa lafiya, alhamdulillahi. Baba Labaran ba ya amsa gaisuwata, na bar shi.

Da na kwance wa Dada ƙyallen, ta buɗe idon a hankali, ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, babu abin da ya soke ta. Ta bi ɗakin da kallo har ta kai kan rigar Malam da ke rataye. Ta ce in miƙo mata. Ni dai fita na yi tsakar gida.

A gaishe da Mero da yara. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Lauratu