Ranar da Hanyar Illela Ta Ɓace Mini

Zuwa ga mahaifina, Malam Mamman na Dogarawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima, ya yalwata maka makwanci. Damina shida ke nan da muka kai ka. Na san rayayyu ne za su karanta wannan takarda, amma da kai nake magana, don kai ne ka shiga abin da nake tsoro har ƙarshensa.

Baba, wata uku da suka wuce na tsaya a mararrabar Tsarnawa ban san inda zan juya ba.

Da hantsi ne. Na cika mota a tashar Konni da fasinjan Illela, har da wata mai jego a kujerar gaba. Shekara ashirin da shida ina bin hanyar nan, na san kowane rami da ke kan gudiro, wato kwalta. Ina isowa mararraba sai kaina ya zama wayam. Ga rumfuna, ga masu talla, ga shingen jami'an tsaro na jandarma, na san na taɓa ganinsu, amma sunan garin ya ƙi zuwa, ban kuma san ko hagu zan yi ko in miƙe ba. Na gangara gefe, na fita na buɗe gaban mota kamar inji ne ya yi zafi. Na tsaya ina kallon injin da lafiyarsa lau, har Allah ya mayar mini da hankalina. Na kai su Illela lafiya. Ba wanda ya san wanda ya tuƙa su.

A tsayen nan da na yi, fuskarka na gani.

Kai ne ake kira idan rigimar iyaka ta tashi. Ina yaro nake bin ka, ka sa mutane a gaba, ka nuna musu daga gindin gawo zuwa tsohon suri, daga suri zuwa layin gamba, ka ambaci wanda ya fara sare dajin da wanda ya gada. Kakan ce, “Ƙasa ba ta mantuwa, mutane ka mantawa.” In ka yi magana rigima ta mutu.

Kai ɗin nan ne wani makiyayi ya tsinta bakin wata rijiya da yamma, da hauya a kafaɗa, kana tambayar inda gonar Mamman take.

Yanzu da nake waiwaye, abin bai faɗo rana ɗaya ba. Kunnenka ne ya fara nauyi. Muka riƙa ɗaga murya, muka gaji, muka rage yi maka magana. Da Inna ta rasu ka daina zuwa majalisar gindin bishiyar bedi, don ana dariya ba ka ji abin da aka faɗa ba, kunya take ba ka. Manjo, ma'aikacin jinyar asibitin gari, ya auna ka ya ce tansiyonka ta hau, wato hawan jini, ya ba ka ƙwayoyi. Ka sha wata guda, ciwon kai ya tafi, muka ce ka warke. Ba wanda ya sake mayar da kai awo. Taba gari kuwa ba ta bar leɓenka ba har ƙarshe.

Wasu suka ce tsufa ne. Wasu suka ce wani da ka kayar a shari'ar gona ne ya yi maka jifa. Muka yi rubutu, muka yi hayaƙi. Da ɓatanka ya kai sau uku, ni na sayo kwaɗo a kasuwar Malbaza, ni na sa a ƙofar ɗakinka. Ina jin ka kana bugun kyauren kana kiran mahaifiyarka wadda ta rasu tun ba a haife ni ba. In na shigo da fura sai ka gyara zama ka yi mini marhabin irin ta baƙo, ka tambaye ni ɗan wane gida ne. Nakan fita bayan rumbu in share ido in koma.

Ga abin kunyar da zan faɗa maka. Bayan abin Tsarnawa na yi kwana tara ina ɗaukar mutane ban gaya wa kowa ba. Kowace safiya ina bitar sunayen garuruwan hanya a zuci kamar ɗan makarantar lakwal kafin in tayar da mota. Rakiya, surukarka, ita ta gane. Ta ga ba na cin abinci, ta ga leɓena na motsi ni kaɗai. Ta tsare ni har na faɗa. Ba ta yi kuka ba, ta ɗauki makullin motar ta ƙulle a bakin zanenta, washegari ta sa ni gaba zuwa wajen likita.

Likitan ya auna tansiyona, ya dube ni, ya sake aunawa a ɗaya hannun. Ya ba ni kalmomi in riƙe, ya ɗauke mini hankali da wasu tambayoyi, sannan ya ce in maimaita su. Guda ta kuɓuce mini. Na tambaye shi kai tsaye ko ciwonka ne ya same ni. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai kuma rantse mini da a'a ba. Mai yiwuwa hawan jini ne da gajiya da ƙarancin barci, mai yiwuwa gargaɗi ne daga jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa. Ya hana ni tuƙi sai ya ga yadda jikina zai karɓi magani.

Sai ya tambayi yadda nake rayuwa, na ji kamar ana karanta mini laifina. Wuni zaune a kujerar mota. Kwalin sigari kullum. Shayi zagaye uku da sukari kamar zuma. Tsire da yaji mai gishiri a kowace tasha. Barci rabi da rabi, don in riga wasu kama layi. Ya ce abin da ke cutar da zuciya shi ke cutar da kai, kuma gyaran ba ya ba mutum tabbas, yana dai rage haɗari. Ya lissafa mini magani kullum ko da na ji sauƙi, barin taba, tafiyar ƙasa, rage gishiri, isasshen barci, da ba ƙwaƙwalwa aikin yi. Daga ƙarshe ya ƙara da kula da kunne da zama cikin mutane, ya ce kurumta da kaɗaici suna saurin cinye tsoho. Nan ne na kasa ɗaga kai, Baba. Mu mun ɗauka hutu muke ba ka da muka bar ka kai kaɗai.

Na dawo Dogarawa na yi damina a gonarka. Da ƙafa nake zuwa, da ƙafa nake dawowa, na bar amalanke ga mai buƙata. Kwanakin farko kafin in kai gindin gawon nan sai na zauna ina haki. Yanzu ina kaiwa har ƙarshen gamba ban tsaya ba. Ƙwayata tana kusa da butar alwala don kada in manta. Rakiya ta rage gishiri da magi ta koma daddawa, na yi ta ƙorafi mako biyu, harshe ya saba. Sigari ce ta fi ba ni wuya. Sau biyu na koma mata a ɓoye, na biyun Rakiya ta ji wari a rigata, daga nan ban sake komawa ba. Bayan la'asar ina zuwa zaure da allona cikin dattawa, ina tilawar surorin da na bari tun ina saurayi.

Ƙanenka Baffa Illa shi ma kunnensa ya fara. Kullum nakan biya in fito da shi majalisa, in zauna ta gefen kunnensa mai ji in riƙa maimaita masa abin da aka faɗa. Yana yi mini tsiya wai na zama rediyonsa. Bayan girbi zan kai shi a duba shi, ko yana so ko ba ya so.

Duk da haka tsoron bai tafi ba. Da can in na nemi hulata tana kaina dariya nake yi. Yanzu in sunan maƙwabci ya yi mini jinkiri a baki sai in tuna mararrabar Tsarnawa. Ina kallon jikokinka suna wasa a tsakar gida, in riƙa kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya ba don ina da aike ba. Ban san ko na fara gyaran da wuri ba, ko kuwa na makara kamar yadda muka makara da kai.

Na zaunar da Rakiya da babbar 'yarmu Zalika, na so in ce musu in abin ya zo kada su kulle ni. Na fasa, don na san abin da ya sa na kulle ka, na san tsoron rijiya da tsoron titi. Abin da na iya roƙo shi ne su zauna tare da ni, su riƙa yi mini hira ko da ba na amsawa, kada su gaji kamar yadda muka gaji.

Ka yafe mini wannan gajiyar, Baba. Na ciyar da kai, na yi maka wanka, amma na daina yi maka magana tun kana da sauran ji.

Ranar Litinin zan koma wajen likita. Ya ce in awo ya yi kyau zai iya bari in hau hanya. Ba ni da wata sana'a sai tuƙi, hatsin gona kuma ba zai kai mu wata damina ba. Amma in na rufe ido ina ganin mai jegon nan da jaririnta a gefena. Na yi wa Rakiya rantsuwa in abin ya sake faruwa ko sau ɗaya, da hannuna zan ajiye parmi, lasisin tuƙina. Wallahi har yanzu ban san abin da nake roƙo ba, a mayar mini da makullin ko a hana ni shi.

Allah ya jiƙanka, ya haɗa ka da Inna a inuwar da ba ta gushewa, ya mayar maka da duk abin da ka rasa a nan. Allah ya tsare waɗanda za su zauna a bayana in na tuƙa. Ni kuma ya bar mini hankalina har in cika da kalmar shahada ina sane da abin da nake faɗa.

Wassalam.

Ɗanka mai kewarka,
Isuhu