Karan da Na Auna Ki da Shi

Inna,

Sallama a gare ki. Na san ba za ki karanta wannan ba, ko da kina raye ma ni ke karanta miki takarda. Amma ki faɗa mini, ni na kashe ki? Haka ake cewa a unguwarmu Walia. Mata na faɗa a bakin famfo, mahauta na faɗa a rumfa, da na iso sai kowa ya sunkuya ya hau wasa wuƙa.

Ƙanwata Zulai tana lafiya, sai dai Gwaggo Ladi ta tafi da ita unguwar Milezi tun ranar sadakar uku, wai kada ta kwana gida ɗaya da ni. Akuyarki ta haifi biyu, ɗaya bai yi rai ba. Ruwa ya janye daga tsakar gida, ya bar mana laka da sauro.

Ke kin san yadda aka yi. Ƙafafunki sun kumbura, gadon ƙarfen nan ya yi miki tsawo, ba kya hawa sai an ɗaga ki. Tabarma kuwa danshin ƙasa ya cinye ta. Yini kike a kan bambar, 'yar kujerar tsugunon nan, kina numfashi da ƙyar. Ni kuma ina da ragowar wani littafin kafinta na Faransanci, wanda na ciro daga takardun da muke naɗe nama. Ba wanda ya sa ni lakwal, makarantar boko, da kaina na koyi haɗa baƙi, haka na bi shi kalma kalma. A ciki na ga hoton benci mai katifa da ake ajiyewa a ƙarshen gado. Na ce wannan na Inna ne. Ta zauna ba sai an ɗaga ta ba, ta miƙe in ta gaji, ta yi salla a kai.

Littafin ya ce a fara da awo. Ba ni da abin awo. Kina kwance, na zaro kara daga danga, na shimfiɗa shi kusa da ke tun daga kai har diddige, na karya inda ya wuce. Daidai nan Gwaggo ta ɗaga labule, ta saki salati har maƙwabta suka leƙo. Wa ake aunawa da kara in ba gawa ba, a kai wa masu haƙa kabari?

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Na sani, Inna. Ranar da Baba ya rasu ni na kai karansa maƙabarta. Na sani sarai, amma na karanta shafi goma sha, ina ganin na fi ƙarfin camfi. Na ga idonki ya bi karan nan, kika juya fuska bango. Ni kuwa na yi dariya, na ce wa Gwaggo tsufa ke damunta.

Na ci gaba da aikina. Na yanka katako, na haɗa ƙafafu huɗu. Soson katifar daga tsohuwar kujerar mota na ciro shi, sau uku ina wankewa saboda warin man gazuwal. Na ƙara auduga ta wajen kai. Na rufe da atamfarki mai ruwan goro da kika ce ta koɗe, na ja ta sosai ina bi da ƙananan ƙusoshi, kusurwa ɗaya sai da na warware ta sau huɗu. Kika zauna, kika shafa, kika sa mini albarka. Ko a lokacin ban ba ki haƙuri ba. Kwana tara kika yi a kansa, kika cika. Da tsoro kike kwanciya? Don kada ki karya mini zuciya kika hau? Wannan ne ke ci na, ba surutun bakin famfo ba.

Amma kara ba ya kumbura ƙafa. Wata uku ina cewa a haye gada da ke, a kai ki labtan, babban asibiti, likita ya duba. Baffa Mamman, da ya zama babban gida tun bayan Baba, ya ce ba za a kai matar wansa maza su taɓa ta ba, jiƙo ya isa. Na je da ƙafata na samo mota. Ya tsaya a ƙofar gida ya sallami direban. Kina ciki, kin ji tashinta. Wa ke faɗar wannan a rumfa? Ba ko ɗaya!

Shi ne kuma a bakin kabari ya dafa ƙirjina, ya ce wanda ya auna ba zai saka ba. Ɗanki namiji ni kaɗai ne, Inna, wasu suka sauke ki ina tsaye a baya kamar ɗan kallo. Muka dawo na tarar an fitar da bencin bayan gida an cinna masa wuta, soso na narkewa, hayaƙi baƙi ƙirin. Wurin da kika yi sallarki ta ƙarshe ke nan.

Jibi sadakar arba'in. Za a baza tabarmi a ƙofar gida, liman zai zo, mahauta kaf za su hallara. Kin hana ni ɗaga murya a gaban manya. Ki yafe mini, wannan karon zan ɗaga. Kafin a shafa fatiha zan miƙe in faɗi nawa: na auna uwata da ranta, na tsorata ta, ta tafi ban nemi gafararta ba. In na gama, Baffa ya tashi ya faɗi nasa. Ya gaya wa jama'a da bakinsa wa ya kori motar nan, kuma don me. Ba a zaure ba, ba a kunnen liman ba. A nan, a gaban kowa, ya amsa.

Allah Ya haskaka makwancinki, Inna. Ki huta.

Ɗanki mai taurin kai,
Habu