Ranar da Aka Fitar da Edita Baranda

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya iyali, ya kasuwa? Ni ƙalau nake, har da ɗan tumbi.

Ka san an naɗa ni editan mujallar bincike ta jami'ar nan. Aikin kamar tsaron shago ne: kowa ya kawo hajarsa yana rantsuwa babu irinta, ni kuwa in cire sunansa in aika wa masana su duba.

To, ni ma na kai nawa binciken, don sai an buga shi za a sabunta mini kwantiragi. Ƙa'ida ta hana edita yanke hukunci kan kayansa, don haka da aka zauna tantance nawa, sai mataimakiyata ta nuna mini ƙofa: "Ranka ya daɗe, a ɗan sha iska." Ni da nake sa dillalai gumi, ga ni a baranda ba damar ciniki! Sakatare ya raɗa mini, "Maigida, in faɗa maka wanda ya duba?" Wallahi kunnena ya yi ƙaiƙayi, amma na ce ya riƙe abinsa.

Sun ƙi binciken nawa, Yaya. Takardar ban haƙurin ma kalamaina ne, waɗanda na tsara don lallashin wasu. Ashe ba sa lallashi.

Kada Inna ta ji, addu'arta kawai nake so. Zan gyara in kai wata mujallar kafin wa'adina ya cika.

Allah ya ƙara buɗi. Ɗakina na gida kuma, kada a yi saurin zuba kaya a ciki.

Ƙaninka.