Muryar Iya Mariyam Tana Rumbun Mansur

Malama Hajara, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni da abokina Mansur muka gina wa ƙungiyar 'yan Tawa mazauna Yamai shafin intanet, inda mutane ke ɗora hotuna da muryoyin tsofaffinmu. Saboda rumbun kyauta na intanet saurin cika yake, sai muka tsara sabar shafin, wato kwamfutar da ke riƙe da shi, ta riƙa rabawa: hotuna su tafi rumbun wani kamfani da sunana, muryoyi su tafi na wani da lambar salular Mansur. Lokacin ko tuwo kwano ɗaya muke ci, wa zai kawo wani abu a ransa?

Ran taron ƙungiya shugaba ya yi ta yabona ni kaɗai, ni kuma daɗi ya kwashe ni ban ambaci Mansur ba. Tun ranar ba ya ɗaga kirana, ya kuma canza mabuɗin rumbunsa. Yanzu duk wanda ya ɗora murya sai shafin ya ce an karɓa, alhali ba ta isa ko'ina ba. Abin da ya fi ci mini rai, Iya Mariyam da ta ba mu tarihin unguwarsu ta rasu, jikokinta suna roƙona muryarta da ke rumbun Mansur. Kullum cewa nake rezo ne, wato matsalar layin intanet. Na gwada duk dabarar da na sani, amma lambar shiga rumbun a salularsa take zuwa. Kunya ta ishe ni. Yaya zan yi?

Mai damuwa, Harobanda

Ɗana, na tausaya maka ƙwarai, amma daina ɗora wa rezo laifi. Mansur bai kyauta ba da ya rufe amanar jama'a don fushinsa. Sai dai shi ma ka duba: ya yi gumi, an tafa wa wani. Ciwo ne.

Yau ɗin nan ka gyara shafin ya daina cewa an karɓa sai rumbu ya tabbatar, ka kuma dakatar da karɓar muryoyi. Ka gaya wa jikokin gaskiya, cewa muryar na nan, ba a hannunka take ba tukuna. In kun shirya, ku mai da rumbunan biyu da sunan ƙungiya, mabuɗi a hannun mutum fiye da ɗaya, kowace murya kuma sabar ta ajiye kwafinta a rumbu na biyu.

Amma wannan ƙofa ba dabarar kwamfuta za ta buɗe ta ba. Ka ce kira ba ya shiga, to ƙafa fa? Ka je gidansu ka ba shi haƙuri, a taro na gaba kuma ka miƙe ka faɗi sunansa a inda ka manta shi. Sannan ka ce masa Iya Mariyam ta rasu, mai yiwuwa ma bai ji ba. Allah ya jiƙanta, ya daidaita tsakaninku.