Azarar Gidan Fearchar

Zuwa ga ƙanwata Raonaid,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, yaya 'ya'yanki samari uku? Mu dai da sauƙi, ban da zuciyata.

Tun da mutanen mijinki suka ƙetaro tafki suka kore mana shanu arba'in, sarkin danginmu Eachann ya aika da gicciyen yaƙi, babbakakke, an tsoma shi a jinin akuya. Kin san doka: namijin da ya gani bai fito ba, a ƙone gidansa. Ɗana Fearchar ya ƙi fita, wai ba zai ɗaga takobi a kan 'ya'yanki ba. Taurin kan nan na gidanmu ne, kada ki ce ba ki san inda ya samo shi ba.

Ni na shayar da Eachann tare da Fearchar, amma ban taɓa ganin ya janye magana ba. An fasa ƙetarawa yaƙin saboda iska, hukunci kuwa gobe ne, ga hunturu a bakin ƙofa. Tsoro nake ji, Raonaid.

Yayarki,
Oighrig

Zuwa ga ƙanwata Raonaid,

Ina gaishe ki, da fatan kin samu sauƙi. Hayaƙin da kuka hango ranar Talata namu ne.

Eachann ya zo da hantsi, dattawa na biye. Bai kalli kowa ba, ya hau rufin ya yaye ciyawar, sannan ya ciro azara bakwai ɗin nan da kakanmu ya jawo daga gaɓar teku. Shi ya sauke su a kafaɗarsa har ta goge. Ke kin san a tsibirin nan da babu bishiya, azara ita ce gida. Ciyawa ko bana ma za a sake ta. Ya tara ta cikin kangon ya cinna wuta.

Kawun Eachann ya yi ta gunaguni wai ciyawa kawai aka ƙone, ba gida ba. Eachann ya tambaye shi ko zai shiga ya zauna a ciki. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Inna, na ƙone gidan, ki yafe mini." Yaron nan da na goya ya fi ubansa nesa ba kusa ba.

Sai dai ga abin da ya sa na rubuto. Da ya ga an bar masa azararsa, Fearchar ya yi kuka kamar yaro, ya rantse in gicciye ya sake zagayowa shi zai fara shiga jirgi. Iska kuma ta kwanta. Ki roƙi mijinki su maido shanun nan kafin Lahadi, don wannan karon ba mai tsaya wa 'ya'yanki.

Yayarki mai ƙaunarki,
Oighrig