Rabin Ƙwaya

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɓarayin naman miyar nan guda biyu. Ya ƙafar Inna? Ki ce mata ta daina hawa kujera tana gyara labule, ai ba yarinya ba ce.

Na iso lafiya. Kamfani ya ba ni ɗaki a bayan garejin manyan motoci, mu biyu da wani makanike mai minshari kamar janareta. Motar da aka ba ni sabuwa ce fil, mai firji a baya, kifi nake ɗauka. Da kin ga yadda nake shafa sitiyarinta da kin yi fushi da ni.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Maganin waswasina ya kusa ƙarewa, sai na je asibitin da ake tura direbobi. Likitar ta karɓi kwalin, ta kalle ni, ta sake kallon kwalin. Tafinta ya ce tana tambayar wanda ya rubuta mini wannan adadin. Na ce likitana na gida ne, ya yi ta ƙara shi kaɗan-kaɗan yana auna zuciyata har ciwon ya sake ni. Ta ce a ƙasarsu ƙa'ida ba ta yarda ta wuce rabin wannan ba, saboda gudun matsalar zuciya, sai dai babban likitan ƙwaƙwalwa, shi kuwa layinsa watanni ne. Wai su sun fi son a fara da zaman tattaunawa da masani. Na ce to a sa ni. Ashe shi ma layi ne.

Gaskiya ba ta wulaƙanta ni ba. Amma ni ne dai, ciwon shi ne dai, don kawai na tsallaka iyaka sai maganina ya yi yawa? Na karɓi rabin na fito. Kada ki sa damuwa a ranki, ƙila rabin ma ya riƙe ni.

Ki shafa mini kan yara.

Naki,
Dogo

*

Maman 'Yan Biyu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. An ce ƙaramin ya yi zazzaɓi, ya jikin nasa?

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya dawo. Kin san yadda yake yi mini tun can. Taya ta faɗa rami, na ga ramin da idona, amma zuciya ta ce mutum na taka. Da farko madubi kawai nake yawan kallo. Yanzu sai na nemi wurin juyawa, in koma da wannan ƙatuwar mota in duba kwalta. In na duba na kama hanya, sai ta ce ai a dawowar ne na taka shi. Wallahi na gaji, gajiyar da barci ba ya cire ta.

Kwalin maganin da kika aiko mini an riƙe shi a kwastan, sun ce ba a shigo da irinsa sai da takardar likitan nan. Na gode da wahalar da kika sha, kada ki sake aikowa.

Na yi wata dabara, ban sani ba ko dariya za ki yi ko kuka. Ranar da nake da doguwar tafiya sai in haɗa ƙwaya biyu, su cika adadin gida, ranar hutu kuma in haƙura. Kafin wata ya ƙare kwalba ta zama wayam. Jiri ya dinga ɗibata, kaina yana fizga kamar an jona mini wayar lantarki. Na je wurin mai kemis ina roƙo. Dattijo ne mai kirki, ya riƙe baki, ya ce wannan ba maganin ciwon kai ba ne da za a sha yau ya yi aiki yau, sai ya yi makonni a jiki ba yankewa. Ya ce na ɓata rabin, ban kuma sami cikakken ba. Bai ba ni ko ɗaya ba, hannunsa a ɗaure yake.

Manaja ya fara tambayar dalilin da man motata ke ƙarewa kafin na kowa. Na ce masa ɓatan hanya nake yi. In ya gane gaskiya zai karɓe makulli, ni kuwa ban da tuƙi me na iya?

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Dogo

*

Maman 'Yan Biyu,

Da fatan kun tashi lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, hannuna ne ya ƙi ɗaukar biro.

An karɓe makullin.

Da tsakar rana ne, a kan wata gada, na ji ƙarar wani abu a ƙarƙashin mota. Babu wurin juyawa, sai na faka a gefe, na kashe komai har da firjin ban lura ba, na koma da ƙafa. Na duba gadar, na leƙa ƙarƙashinta, na shiga ciyawa ina ɗaga kwalaye. Ban ga kowa ba. Zuciya ta ce ai an riga an ɗauke gawar. Sai na tare motar 'yan sanda na ce musu na kashe mutum.

Sun zagaya da ni, sun buga waya asibitoci, babu wanda aka kai. Ɗayansu ya tsinto wani guntun katako a kan gadar ya nuna mini, ya dafa kafaɗata. Na yi kuka a gabansu, ni da furfurata. Kafin mu koma wurin mota la'asar ta yi, kifin mutane duk ya lalace.

Yanzu 'yan sanda sun riƙe lasisina har sai babban likita ya ce na warke. Likitar nan ta yi ƙoƙari a matso da ni gaba a layi, ta ba ni haƙuri har idonta ya kawo ruwa, amma ranar da aka ba ni da sauran nisa. Kin ce in tattara in dawo gida. Na so hakan, amma in na dawo, magani yana wurinku, lasisi yana wurinsu.

Manaja bai kore ni ba, Allah ya saka masa. Ya ba ni tiyo da buroshi, ni ke wankin motoci a gareji. Wadda nake tuƙawa wani ke jan ta yanzu, kullum yana kawo mini ita da laka. Nakan kwanta a ƙarƙashin kowace mota in bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya, in sa yatsa a kowane tsagi, in shinshina. Jiya manaja ya tara ma'aikata ya nuna ni, ya ce bai taɓa ganin mai wankin taya irina ba, su yi koyi da ni. Suka tafa mini. Babu wanda ya san jini nake nema.

Kada ki faɗa wa Inna. Yara kuma in sun tambaya, ki ce Baba yana kan hanya.

Ni ne naki har kullum,
Dogo