Muryar da Ba Ta Numfashi

Talata, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga uwata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara tsare ku a inda kuke, ya ba ku lafiya mai amfani. Ba na son in ɓata miki rai tun daga farkon shafi, amma tsufa ya hana ni kewaye-kewaye. Tun ranar da kika ɗauki wayar mahaifiyarki daga akwatinta, ana cikin zaman makoki, kika miƙa wa mutanen makaranta ba tare da kin tambaye ni ba, akwai magana a ƙirjina da ban furta ba. Na haɗiye ta shekarun nan saboda ke na sa wa sunan wadda ta haife ni, mutum kuwa ba ya yi wa uwarsa faɗa. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwar hagu tana nan da halinta, in na durƙusa a coci sai an kama ni kafin in tashi. Gwaggonki tana nan da bakinta, ita ke leƙo ni kullum ta ga ko na ci abinci. Autanmu ya samu wuri a garejin babura, matarsa kuma ta kusa sauka.

Kin san tarihina da makarantar da ke bayan katangarmu, amma bari in tuna miki, don ku yaran yanzu mantuwa gare ku. Na yi karatu a makarantar horar da firistoci har na iya Latinanci fiye da wasu masu farar riga na yau. Saura ƙiris a keɓe ni firist na fito na auri mahaifiyarki, shi ya sa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Saura-ƙiris. Ni nake koya wa manyan ɗalibai katikisma, wato koyarwar addini, ita kuma tana koya wa ƙanana addu'o'i. Da ciwon ƙirji ya kwantar da ita, sai ta riƙa naɗar addu'o'in a wayarta daga kan gado, ina kai wa yaran su saurara. Wayar ke nan da kika bayar. Ba a jima da binne ta ba aka kawo sabuwar Sista ta shugabanci makarantar, aka kafa babban allo mai haske a kowane aji, aka raba wa yara kwamfutocin hannu, aka ɗauko wani malami mai gilashi ya kula da su. Ni kuwa aka yi mini tafi, aka ba ni agogon bango, wai in je in huta. Wanda aka raba da aikinsa, me zai yi da agogo?

A hutun makaranta da ya wuce, wata rana da hantsi ina shara a gindin katanga, sai na ji muryar mahaifiyarki. Ba kama ba ce, uwata, ita ce. Tsintsiyar ta suɓuce daga hannuna. Na zagaya ta ƙofar baya, maigadi ba ya nan, na bi baranda ina bin muryar har ajin ƙanana. Ƙofar a kulle take da kwaɗo, sai na leƙa ta taga. Kujeru a kife bisa tebura, gicciyen katakon da ni na buga ƙusarsa yana nan a bango, allon kuwa yana ta haske shi kaɗai. Daga baya na ji cewa an saita shi ne ya fara darasi kullum a lokacinsa, aka tafi hutu aka manta ba a kashe ba. Muryar mahaifiyarki ta tambayi kujerun nan wa ya halicce su. Ta dakata tana jiran amsa. Babu abin da ya motsa sai labule. Sai ta ce madalla, sun amsa daidai, Allah ya yi musu albarka. Na raka gawa kabari ba adadi a aikin katikis, amma tsikar jikina ba ta taɓa tashi irin ta ranar ba. Da na gaya wa gwaggonki, cewa ta yi dama ta san matar nan ko kabari ba zai hana ta koyarwa ba, kuma in gode wa Allah da ba a saita ta tana yi mini faɗan shiga ɗaki da takalmi ba. Na yi dariya don kada ta ji kunya.

Ashe ba abin da ta naɗa kawai suke sa wa yara ba. Wani kamfani ne ya koya wa na'ura muryarta daga wayar, ta yadda duk abin da malamin ya rubuta, ita za ta faɗa. Da aka koma makaranta ina jin ta kowace safiya ta saman katanga tana kiran sunayen yaran da ko tafiya ba su fara ba lokacin da aka binne ta. Ba zan yi ƙarya ba, yaran suna haddace addu'a da sauri fiye da zamaninmu, kuma ba mai dukansu. Amma wani abu ya yi ta damuna, na daɗe ina saurare kafin in gane shi. Muryar ba ta numfashi. Kin san yadda mahaifiyarki ke jan iska a tsakiyar magana, da ɗan tarin nan nata. Wannan kuwa tafiya take santsi kamar ruwan famfo, yaran suna bin ta suna haki, don Allah bai halicci ƙirjin da zai iya bin ta ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Yayanki da ba ki taɓa gani ba, wanda ya yi kwana kaɗan a duniya, ni na yi masa baftisma da ruwa a kofi a gadon asibiti. Tun daga lokacin, duk sa'ad da mahaifiyarki ke addu'a domin matattu, akwai wurin da take tsayawa, ta yi shiru, ta ambaci sunansa a zuciya, sannan ta ci gaba. Ba mu taɓa zancen ba, ni da ita. In ta tsaya, nakan tsaya. Yaran ajinta ma haka suka taso suna tsayawa ba su san dalili ba. Shirun nan shi ne kaɗai kabarin da muke ziyarta, don asibitin ne suka binne shi, ba mu san wurin ba. Na'urar ba ta tsayawa.

Makon jiya Sista ta aiko a kira ni, tunda watan addu'a domin matattu ne, wai in zo in ga ci gaba. Aka zaunar da ni a gaban aji kamar baƙo daga wata ƙasa. Malamin gilashi, da kyakkyawar niyyarsa, ya danna wani abu, sai matata ta yi wa malam katikis mai ritaya barka da zuwa. Duk zamanmu ba ta taɓa kirana haka ba, ko cikin fushi. Sannan aka fara addu'a. Yara sun kawo sunayen 'yan'uwansu da suka rasu, malamin ya shigar da su, ya kuma ƙara nata don ya girmama ni. Ina zaune na ji mahaifiyarki ta ambaci sunanta na baftisma cikakke, ta roƙi Allah ya ba wannan baiwa tasa hutu madawwami, muryar ko rawa ba ta yi ba, ta wuce zuwa suna na gaba. Yara suka ce amin. Sista tana ta yi mini murmushi tana jiran godiya.

Da aka tashi na roƙe su su mayar mini da wayar. Malamin ya cire gilashinsa yana gogewa, ya ce in yi haƙuri, kamfanin yakan tace murya kafin ya yi aiki da ita. Tari da numfashi da shiru duk a wurinsu hayaniya ce, yankewa ake yi. Wayar kuma da aka gama da ita an goge ta an ba maigadi, abin da ya rage a wurin kamfanin tacaccen ne kawai. Na je wurin Fada, firist ɗinmu, ya dafa kafaɗata ya ce in yi murna, ai matata tana ci gaba da aikin Allah. Ina da amsar da zan ba shi, har da Latinanci, amma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma ni ne makahon yanzu. Na tuna kin gaya mini bara wayarki ta faɗa ruwa, saƙonnin muryar mahaifiyarki da ke ciki suka tafi, saboda haka ba roƙonki komai nake yi ba. So nake kawai ki sani.

Ranar Lahadi bayan addu'ar Mas na je kabarinta, na durƙusa da gwiwar nan, na fara addu'ar matattu. Ban ankara ba sai na ji ni a amin. Na sake daga farko a hankali, ina neman wurin da take tsayawa. Babu abin da ke kunnena sai muryar bayan katanga, santsi, ba tari. Na tambayi gwaggonki, ta ce ita ba ta taɓa lura ba. Na tambayi telan unguwa, wanda a ajinta ya koyi alamar gicciye, ya yi tunani ya ce shi dai bai tuna ana tsayawa ba.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki gaida mai sunana da ƙanwarsa sarkin surutu, ki ce kakansu yana sa musu albarka. Gwaggonki da Auta da matarsa duk suna gaishe ku. Kada ki ɗauki maganata da zafi, na san alheri kika nufa. Gobe da safe za ta sake kiran yara, ni kuma zan ji ta. Amma yanzu ban san wurin da mahaifiyarki take tsayawa ba, kuma babu sauran wanda ya sani.

Ni ne mahaifinki.